Kwabon Tagullar da Na Ɗaura wa Jikana a Cibiya

A shekarun baya, duk Zongon Kumasi in cibiyar jariri ta turo, ƙofata ake bugawa. Ina da gwangwani cike da kwabban tagulla. Ba kuɗin gwamnati ba ne. Babana, Allah ya jiƙansa, ya ce lokacin yaƙin Turawa canji ya ɓace a kasuwa, sai masu kanti suka buga nasu da tambarinsu, ka karɓa a maimakon canji, ka dawo da shi ka sayi gishiri. Da yaƙi ya ƙare suka zama banza. Ni kuwa na bi tsofaffi gida-gida har unguwar Dichemso ina tara su, don sun fi kuɗin yanzu nauyi, suna danne cibiya.

Da surukata ta haifi ɗanta na fari, na ga cibiyar ta ɗan taso. Ta ce mini nas ta hana a sa komai, wurin bai gama warkewa ba. Na ce nas ɗin ma wata tsohuwa ce ta ɗaure mata tata. Surukar tana wanka na zaɓo kwabo mafi nauyi, wanda gefensa ya yi kore don tsufa, na ɗaura da ƙyalle, na saukar da riga.

Yaro ya fara kuka, ya ƙi nono, jiki kamar garwashi. Da uwar ta kwance ƙyallen, wurin ya kumbura yana wari. A cikin mota na rungume shi, ina sa kunne a hancinsa in ji ko yana numfashi. A asibiti nas ta juya kwabon a tafin hannunta, ta tambaya da yaren Twi wa ya sa. Surukata ta ce a bar tambaya, a duba yaro. Kwanakin da muka yi a asibiti, ko ruwa sai an tilasta mini.

Allah ya tashe shi, amma tabon na nan. Gwangwanin na ba ƙanin mijina, ya jera kwabban a gilashi, inda ya kamata tun farko. 'Yan'uwana tsofaffi, in uwa ta ce kar a taɓa ɗanta, ku janye hannu. Ban iya rubutu ba, surukar ce ke rubuta mini wannan. Na ce ta sa cewa na cuce ta. Ta ajiye biro ta ce, "Mma, wannan kam ba zan rubuta ba." Sai da na roƙe ta.