Direban da ya ƙi tsallake mayo

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da na bi wani direbanmu daga Garuwa zuwa wani ƙauye a gindin duwatsu ba, da niyyar mu dawo in sallame shi.

Lokacin mahaifina ya damƙa mini kula da motocinsa na kaya. Ni kuwa wutar ciki gare ni, in abu bai yi sauri ba sai in ji kamar zan fashe. Shi wannan dattijon direba, kai! Kafin ya ta da mota sai ya zagaya ta sau biyu. Ka yi masa tambaya, sai ya gama nazari ya ba ka kalma uku. Sauran direbobi su je su dawo, shi yana hanya.

Damina ce, amma ranar ko ɗigon ruwa ba mu gani ba. Muka iso wani mayo, irin faffaɗan rafin nan da mota ke ratsawa ta cikin yashi. Babu komai cikinsa sai 'yar ƙorama. Ya taka birki, ya sauka, ya tsuguna yana kallonta.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ba za mu tsallaka ba, ɗan Alhaji. Ruwan ya yi ja, ga karare suna tahowa. An yi ruwa kan dutse."

Haba! Raina ya ɓaci, na wanke shi tas, sa'an mahaifina. Na ce in bai ja motar nan ba, aikinsa ya ƙare yau. Sai ya koma gindin wata bishiya ya zauna.

Ban gama huci ba na ji rugugi. Wallahi ruwa ne ja wur ya taho kamar katanga, ɗauke da itatuwa har da mushen saniya. Da mun shiga da lodin da muka ɗauko, da muna tsakiyar yashi muna fama. Ba abin da nake iya faɗa sai salati.

Da na je ba shi haƙuri, cewa kawai ya yi, "Zauna, rana za ta dame ka."

Ni da na je korarsa, shi ya mai da ni gida da rai. Tun ranar na daina auna ma'aikaci da irin halina, don wanda nake kira mai sanyin jiki, ashe yana ganin abin da gaggawata ba ta bari in gani.