Ajin da Ya Koma Saman Bene

Baba Mai Fenti ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta wa mutane allunan shaguna. Da injin buga alluna ya shigo gari, aiki ya ɗauke, ya rage daga shi sai gwangwanayen fenti a wani ɗan shago bayan tashar mota. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa tilo tana aure a nesa, takan kira ta tambaya ko ya sha magani.

Yaran unguwa ne suka fara leƙo shi don su ga yadda yake jan harafi. Bai kore su ba. Ya miƙa musu tsofaffin burushi da ruwa a kwano, ya ce su yi ta ja a kan siminti. Kafin a kai ƙarshen layi rana ta shanye farkonsa, don haka ba mai jin kunyar kuskure. A haka 'ya'yan masu faci da masu wanki suka iya karanta abin da ke jikin kowace mota. Da yamma shagon kan cika har bakin titi, ana karatu ana tari saboda hayaƙi.

Da aka ji asusun tallafi na gari zai taimaka wa masu koyar da yara, shi ya matsa wa shugabar ƙungiyar iyaye ta nema. Aka dace. Sharaɗin masu tallafin shi ne a samu ɗaki mai iska, nesa da tasha. Kwamitin iyayen ya samo wani a saman kantin magani, aka zuba benci, aka ɗauki wata malama da za ta taya shi.

"Baba, ka je ka ga wurin kuwa?" in ji shugabar.

"Duk wanda kuka zaɓa ya yi, 'yata."

Bai je ba. Da ya je, da ya ga matakalar: doguwa, a miƙe, ba abin dafawa. 'Yan kwamitin duk masu jini a jika ne, ba wanda ya tuna gwiwoyin Baba sun daina lanƙwasuwa tun da ya faɗo daga tsani.

Ranar buɗewa ya sa rigarsa da ba ta taɓa ganin fenti ba. Ya bari kowa ya hau, sannan ya dafa bango ya fara. Inda matakalar ta karya kwana ƙafafunsa suka ce sun gama. Ya sauko da baya da baya, ya zauna a bencin mai kemis yana share gumi.

"Ango, ya haka? Amarya na sama tana jira!" in ji mai kemis.

"Kai dai ji da ƙwayoyinka. Iska nake sha."

Shugabar ta sauko ta same shi, ta dubi matakalar, ta dube shi, ta kama baki.

"Baba, mun yi abin kunya. Bari in kira samari su ɗauke ka."

"Kamar buhun siminti, a gaban ɗalibaina? Ki rufa min asiri."

"To mu koma shagonka. In masu tallafin sun janye, su janye."

Baba ya ɗaga kai yana sauraren muryoyin da ke fitowa ta taga.

"Tun da suka hau, kin ji tari ko ɗaya?"

Ta girgiza kai.

"To bar su inda suke."

Yanzu kullum da yamma yakan rufe shago ya tako a hankali zuwa bencin. Yara na gaishe shi a guje, wasu ma daga tsakiyar matakala suke wurgo gaisuwar. In malama ta ja musu baƙi suna amsawa, leɓensa kan motsa tare da su. In an tashi, yakan jira ƙurar ƙafarsu ta lafa kafin ya kama hanya.

Kwanan nan wata baƙuwar mata ta zo riƙe da hannun 'yarta.

"Sannu, Baba. Don Allah ina ake sa yara karatu a nan?"

"Hau sama, 'yata. Ki riƙe ta da kyau a wajen kwanar."