Lemun Tsami a Bakin Zanen Mma

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ranar kasuwar Salaga, mu uku ne a rumfar lamba: ni, da mahaifiyata da muke kira Mma, da 'yata mai shekara uku. Ni ne mai yi wa jama'a lambar agana a lokacin.

Aikin yana da tsari. Na farko, a wanke dantse. Na biyu, a ɗiga magani. Na uku, a tsaga fata kaɗan da allura. Bayan kwana bakwai in dawo in duba. Idan wurin ya kumbura ya yi ruwa, lamba ta kama.

Sau biyu na yi wa 'yata, sau biyu ba ta kama ba. A Zango, unguwar Hausawa, kuwa yara da yawa haka. Na zargi magani, na zargi hannuna. Ashe da an bar rumfa, sai tsofaffi su zagaya bayan rumfunan doya su goge wurin lambar da lemun tsami, don kada yaro ya yi zazzaɓi. Ga shi fatake sun zo da labarin agana ta shiga Bawku.

Ranar nan na tsaga wa yarinyar karo na uku. Mma ta miƙo hannu.

"Ba ni ƙawata, rana ta fara zafi."

"Mma, ki fara ba ni abin da ke bakin zanenki."

"Au! Gwamnati ta ba ka farar riga, yanzu har uwarka za ka caje?"

"Ba caje ba ne, roƙo ne. Zazzaɓin kwana biyu ne. Agana kuwa kin san ita ta kai ƙanena kabari."

Can ta kwance ƙulli, ta dire lemu uku a kan tebur, ta ce in jiƙa in sha.

A ranar na ƙara mataki na huɗu: kowa ya zauna a benci, a inuwa, sai magani ya bushe. Na biyar: ba mai taɓa wurin. Yarinyar ta kwana biyu tana kuka, Mma ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Bayan kwana bakwai na duba, lamba ta kama.

Da aka mayar da ni Yendi, wani baƙo mai fataucin goro ya sauka a gidan da muke, agana ta fito masa. Kafin mu gane, 'yata ta sha ruwa a ƙwaryarsa. Mma ta yi mako biyu tana duba bayanta kowace safiya. Ko ƙurji ɗaya bai fito ba.

Daga nan Mma ta ɗauki aikin da ba wanda ya ba ta. Takan tsaya a bakin benci tana shafa zannuwan mata.

"Kwance, Hajiya. Ni na san inda ake ɓoyewa."

'Yar nan yanzu tana da jikoki, tabon kuma yana nan a dantsenta na hagu.

Mai karatu, idan masu rigakafi sun zo unguwarku, ka fito da yaranka duka, ka zauna tare da su har a sallame ku, kuma kada ka bar kowa ya shafa komai a wurin.