Ɗigon da Safiya Ta Bari

Daminar bana aka cika shekara bakwai da muka kai Safiya makwancinta a nan Tambuwal. Matata ce, 'yar Fakku, uwar ɗiyata Hafsa. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita gero yana fitar da kai, ba ta ga girbinsa ba. Allah Ya jiƙanta.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ko kaza ban iya zanawa ba. Ita kuwa aikinta sa launi ga zanen katun irin na Japan, wanda ake kira anime, masu manyan idanun nan kamar an tsorata su. Wata ƙawarta a Sakkwato ke ja layukan ta turo mata ta waya, ita kuma ta zauna kan tabarma a ƙofar ɗaki tana cika su da ɗan yatsa. Nakan tsokane ta in ce, "Ke dai kin samu sana'a, shafa wa aljanu hoda." Sai ta ce, "Kai da kaka yini kana shafar buhu, wa yac ce maka komi?"

Hawa-hawa take aikin, kamar ana ɗora farar leda a kan wata: layi daban, launi daban, inuwa daban. Ba ta cakuɗa launi. Fata launi ɗaya, inuwarta launi ɗaya, tsakaninsu iyaka tsaf kamar ta gonar maƙwabta. Inuwar fata irin tamu ce ta fi wahalar da ita, don in ta sa baƙi sai fuskar ta yi dauɗa. Haka ta yi ta nema har ta same ta a jikin zangarniyar jar dawa da na shigo da ita. Ranar nan tuwo ya ƙone, ba wanda ya yi ƙorafi.

Amma kafin ta taɓa inuwa, sai ta sa wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa a gefen zanen. "Wagga ita ta rana," in ji ta. "In ban san inda take ba, ina nika sanin inda inuwa za ta faɗi?" Duk inuwar da ke cikin hoton, ta ƙarƙashin hanci, ta wuya, ta ninkin mayafi, wannan ɗigon take bi. In aiki ya ƙare kuma sai ta goge shi. Ba ta taɓa sakin hoto da ranarsa a jiki ba.

Aikinta na ƙarshe ba na kowa ba ne, nata ne. Ta roƙi ƙawar tata ta zana mata Hafsa yadda za ta zama in ta girma, tsaye a ƙofar ɗakinmu. Lokacin Hafsa na shekara huɗu. Safiya ta zuba launin fata, ta zuba na atamfa, ta sa ɗigonta can ƙasa wajen dama, sai ciwo ya zo. Hoton ya zauna babu inuwa ko ɗaya, yarinyar tana tsaye fayau kamar wadda ake gani a mafarki. Nakan buɗe shi in yi ta kallo har in ji kamar motsin tabarma a bayana. Ɗigon nan shi ne abu na ƙarshe da yatsanta ya taɓa, shi ya sa na hana kowa riƙe wayar. Mai gyara ma a gabana yake canja mata batir.

Nakan tambayi kaina, da za ta leƙo yau, me za ta ce? Yanzu an ce na'ura ke sa launi kafin ka ƙifta ido. Wani ɗan yayana ya ɗauki hoton da wayarsa ya ba na'urar, ya kawo mini yana murna. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har sheƙi yake. Amma inuwar hanci ta yi gabas, ta wuya ta yi yamma. Wallahi sai da na ji dariyarta a kunnena. Da cewa za ta yi, "Wane gari na wanga mai rana biyu?"

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Hafsa ba ta tuna fuskar uwarta, amma tun bara take cika mini waya da masu manyan idanu. Bana ta zo ta durƙusa ta ce tana so ta ƙarasa aikin Inna. Na ce a'a. Ta dawo, na ce a'a. Na san wani zai ce ai sai a ajiye kwafi. An ajiye. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da ta ce, "Baba, kai kana da ita duka, ni ko ɗigo ban da," sai na tashi na ɗauko wayar.

Ta daɗe tana kallon ɗigon, ta ce ranar la'asar ce sakaliya, ga ta nan ta yi ƙasa. Da lokacin ya yi ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ce in zauna kan tabarma in faɗa mata inda inuwa ta sauka a fuskarta, tunda ita ba ta ganin kanta. Na zauna inda Safiya ke zama. Na ce ga ta gefen hanci, ga ta ƙarƙashin leɓe, ga ta ta yanko wuya. Ina cikin faɗa sai na dube ta da kyau. Ashe duk shekarun nan gilashin waya nake kallo, ga haɓar Safiya da goshinta suna yawo a tsakar gidana. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

La'asar bayan la'asar muka yi ta yi, har ta samo launin jar dawar da kanta. Yarinyar hoton ta yi nauyi, ta taka ƙasa. Hannun Hafsa bai kai na uwarta ba tukuna, iyakar inuwarta na ɗan karkacewa, amma inuwoyin duk wuri ɗaya suka fuskanta.

Kayan Safiya an raba, atamfofinta sun koɗe a jikin 'yan'uwa, wayar ma kwananta ya kusa. Abin da ya rage shi ne yarinyar da ba ta san muryar uwarta ba, amma ta san daga ina haske ke zuwa kafin ta sa hannu a aiki.

Da aka gama ta ɗago ta ce, "Baba, in goge ranar?"

Can ladan ya fara gyaran murya. Sannan na ce ta goge, haka uwarta ke yi. Ta goge. Wurin ya zama fili fetal. Na karɓi wayar na bi inuwar hanci, na bi ta wuya, na bi ta mayafi, duk suka kai ni wuri guda. Na ɗora yatsana a kai.

Hafsa ta leƙo ta ce, "Nan ne, Baba. Daidai nan."