Carbin da Tanti Zeinabou ta rabar

Tanti Zeinabou ƙanwar uwata ce, 'yar Maraɗi, gajeriya, ga murya kamar ta mai tallan kifi. A 1988 ta biyo mijinta Abdul-Rahman zuwa New York, bai cika shekara biyu ba zuciyarsa ta buga a cikin taksi, ya rasu. Kowa ya ce ta koma gida. Ta ce ta koma ta ci me? Ta yi zamanta a titin Grand Concourse, hawa na biyar, gidan da lif ɗinsa kullum a mace yake. Da na zo wajenta na sauka, ina kitso a Harlem, saboda haka duk abin nan a gabana aka yi.

Sana'arta biyu. Asabar da Lahadi masa da miyar taushe, duk wani suna ko walima ta mutanen masallacinmu ita ce mai tanda. Sauran ranaku tana jinyar wata tsohuwa 'yar Indiya a Queens, Mama Kanta. Tsohuwar ba ta cin nama, ba albasa, ba tafarnuwa, ba dankali, wai in an tono su ana kashe ƙananan halittu. Tanti da ko shayi in ka bar ta sai ta yanka wa albasa, haka ta koyi girki babu ita, har suka shaƙu kamar uwa da 'ya.

Burin Mama Kanta ɗaya ne, ta ga dutsen Kailash can ƙasar Tibet kafin ta mutu. Mutanen addininta, da ake ce wa Jain, suna girmama shi, 'yan Hindu ma haka, 'yan Buda ma haka. Ba a hawansa, zagaya shi ake yi. A 1996 ɗanta ya shirya tafiyar, tsohuwa ta ce in ba Zeinabou ba ta ɗaga ƙafa. Takardun Tanti sun riga sun fito, sai ta bi ta.

Ta dawo ta rame, leɓe duk ya tsage. Ta ce iskar wurin ko ka shaƙa ba ta isar ka. Ta ga shanu masu gashi har ƙasa, ta ga masu kwanciya rub da ciki su tashi su sake kwanciya, haka har su zagaye dutsen. Tsohuwa na kan doki tana kuka don daɗi, Tanti na gefe a ƙasa da jakar magani. Ruwa ya daskare, da taimama ta riƙa sallah, kuma Mama Kanta ce ma ke cewa a tsaya, Zeinabou za ta yi ibada.

To ka san mu, ba a dawowa daga tafiya ba tsaraba. A hanyar dawowa, a kasuwar birnin Katmandu, ta ga carbuna na icce mai ƙamshi, ta kwaso jaka guda. Ta raba wa mazan masallaci, har liman, har ladan Malam Tamimu. Aka yi ta sa mata albarka.

Wannan Tamimu, gemu har ƙirji, baki kamar reza. Matarsa Ladi ta daɗe tana toya wata masa mai kama da soson wanka, ba mai saye. Shi ne ya ja carbin ya ji ya ƙi ƙarewa inda ya saba, ya ƙirga ya samu ɗari da takwas maimakon casa'in da tara. Maimakon ya kira Tanti gefe, sai ya jira Juma'a. Ana sallamewa ya miƙe.

"Jama'a, a tsaya! Wata a cikinmu ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma ta je ta yi wa dutse ɗawafi. Ta kawo mana carbin masu bautarsa, mun yi ta ja. A duba abin da ake ci daga hannunta."

Muna bayan labule muna ji. Washegari muka tarar da carbunan a leda a bakin ƙofarmu. Daga ranar ko waya ɗaya ba a sake yi mata ba. Suna ya wuce, walima ta wuce, duk Ladi. Yara suka sa mata Hajiyar Dutse. Matar da Tanti ta yi wa wankan jego da hannunta ta gan ta a jirgin ƙasa na layin D, ta koma wani tarago.

Na ce, "Tanti, ki bar ni in je in tsige wa Ladi kitson da na yi mata."

Ta ce, "Zauna, Humaira. Ba Ladi ce ta miƙe a masallaci ba."

Aka yi watanni tanda na rataye. Wata safiya Mama Kanta ta ce a tura ta a kekenta na marasa lafiya zuwa shagon yadin wani ɗan'uwanta. Tun daga waje, ta gilashi, Tanti ta hango mutum a kan tsani yana rataya sarƙar furanni a jikin hoton abin bautar mai shagon, ya sauko ya kunna turaren tsinke a ƙarƙashi. Gemu har ƙirji. Mutumin da ya ce wa kowa a sito yake aiki a filin jirgi! Ashe mai shagon gwiwa ta hana shi hawa tsani, kullum da safe Tamimu ke yi masa. Tanti ta juya keken a hankali, ta ce wa tsohuwa ba a buɗe ba tukuna.

Ta dawo gida tana waƙa. Ta adana maganar har Sallah ta matso, sannan ta sa ni baza labari a wajen kitso cewa akwai shago a Queens da ake karyar da leshi, amma sai an yi sammako, kuma Tanti kaɗai ta san hanya. Matan da ba sa amsa sallamarta sai ga su a tasha suna "Tanti, ina kwana." Har matar liman, har Ladi da jakarta.

Muna shiga yana kan tsani, furanni a hannu, ya ba mu baya.

Tanti ta ce, "Salamu alaikum, Malam Ladan! A gama a hankali, kar a faɗo."

Wallahi tsanin sai da ya girgiza. Ladi ta ce, "Malam? Nan ne filin jirgin?"

"Aiki ne kawai," in ji shi. "Mai gida ne ba ya iya hawa. Ni zuciyata na wajen Allah."

"Aiki ne?" in ji Tanti. "Ni kuma shan iska na je? Tsohuwa na riƙe kar ta faɗo daga doki, ka ce na yi ɗawafi. Kai ga ka da fure. Kunna turaren mana, ai mun ga ashanar."

Matar liman ta rufe baki da mayafi. Tanti ba ta bar shi haka ba. Ta sa ya sauko mata da leshi kala-kala, ya buɗe, ya gwada, ta ce bai yi ba, ya naɗe, ya sauko da wani. Ba ta sayi ko ƙyalle ba.

Kafin la'asar labari ya kai Harlem. Da yamma sai ga shi a ƙofarmu yana haki, lif ya sake mutuwa.

"Hajiya, don Allah a rufa asiri. Liman na maganar a sauke ni daga ladanci."

"Ni ba Hajiya ba ce, kai ma ka faɗa wa duniya. Asirin da ka rufa mini zan rufa maka. Inda ka tsaya ka ɓata ni, nan za ka tsaya ka wanke ni."

Ranar Juma'a ya miƙe, kai a sunkuye, yana ƙunƙuni cewa ya zalunci baiwar Allah Zeinabou, jinya ta je, carbi kuma kuskure ne irin na baƙo a kasuwa, abincinta halal ne. Tanti ta ɗaga labule da yatsa ɗaya.

"Ba mu ji ba a nan! Ba kai ne ladan ba? Ɗaga murya!"

Ya maimaita da muryar kiran sallah, har masu shagon da ke ƙasan masallacin suka ji. Kafin mu kai tasha mata uku sun tare ta da maganar suna, ta ce za ta duba, kuma ba ranar za ta ba su amsa ba.