Babin da na buga da wayar mamaci

Ni dai tun farko ban ga abin so a wasan nan ba. Yayana, ƙato da gemunsa, mai garejin gyaran babura a hanyar kasuwar Illela, sai ya zauna da baƙin mai a hannu yana latsa waya, wai yaƙi yake yi. Na sha gaya masa cewa sa'anninsa suna kai 'ya'ya makaranta, shi yana kiwon doki a cikin waya. Yakan ce ai ba laifina ba ne, malamar firamare ce ni, duk abin da ba a ba shi maki ba shirme ne a wurina.

Wasan na intanet ne, mutane da yawa suke yinsa tare, kowa da mutumin da yake juyawa. Abin da ya kama Yaya kuwa labarin ne. Wata ƙasa ce da rana ta daina faɗuwa a cikinta, ana neman wanda ya jawo. Masu wasan ba su sakin labarin gaba ɗaya. Duk farkon wata sai su ƙaro babi guda, su yanke shi daidai inda rai yake so, a zauna jiran wani watan.

Yaya yana da aboki ɗan Ƙonni, tsallaken iyakar Nijar, mai kawo masa kayan gyara daga can. A wasan Yaya ne mai takobi, shi kuma mai magani, yana bin sa a baya yana warkar da shi. Sun yi alkawari ba wanda zai buɗe sabon babi sai tare da ɗan'uwansa, kuma shekara biyu ba su saɓa ba. Idan mutum biyu suka shiga babi tare, duk inda mutanen labarin suka tsaya zance, wasan ba ya wucewa sai kowa ya karanta ya latsa. Zancen da Turanci yake, ɗan Ƙonni kuwa Faransanci ya ɗan taɓa a makaranta. Sai ya tsaya yana haɗa baƙi ɗaya ɗaya, Yaya yana tsaki yana jira, ƙarshe dai abokin ya ɗago kai ya ce, “Mi yac ce?” Ni kaina ya miƙo min wayar ba sau ɗaya ba, idan na biya ta garejin, in karanta masa.

Wata Asabar suka tafi Kalmalo sayen kifi, Yaya ke tuƙi. A hanyar dawowa saniya ta faɗo musu. Yaya ya karye a cinya, haƙarƙari biyu suka tsage. Abokin ya bugu a kai, danginsa suka wuce da shi gida, washegari Allah ya yi masa rasuwa.

Baba da ƙaninsa suka zauna a zaure suka yanke cewa ba za a gaya wa Yaya ba sai ya yi ƙarfi. Haka ake yi a wurinmu, ba a kai wa mai jinya labarin mutuwa, balle shi da yake riƙe da kan babur ɗin. Duk wanda ya zo dubiya, Baba yakan tare shi tun a ƙofa ya ja masa kunne. Abin da aka shirya faɗa shi ne abokin yana can Ƙonni ana magani, an ɗaure masa muƙamuƙi, ba ya iya magana. Ni aka ɗora wa tsaron wannan ƙarya, don ni ce mai zuwa kullum idan an tashi daga makaranta, kuma kowa ya san bakina ba ya rawa.

Mako biyu muna ce masa wayarsa tana wurin gyara. Da ya ishe mu da naci, na goge duk wata manhajar gaisawa da ke ciki, na cire layin, na ce faɗuwar ce ta lalata su. Na bar masa wasan, ina jona masa intanet daga tawa wayar. A tunanina wasa ba ya kai tsegumi.

Ashe akwai wani shafi da ke nuna abokan mutum da rabon kowa da shiga. Kullum sai ya buɗe ya nuna min: kwana goma sha biyar, kwana goma sha shida. Ya ce mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi leƙawa, wane irin ciwo ne wannan. Na ce ciwon kai ne, likita ya hana shi kallon haske. Ya fara rage cin abinci. Inna ta dama masa fura ya kurɓa sau biyu ya ture. Mai ɗori ya zo ya duba, ya ce ƙashi ba ya kamawa a jikin da ba ya ci.

Ana haka wata ya kama, sabon babi ya sauko. A babin baya an tsaya ne a bakin wata ƙofar dutse, an ce wanda ya ɗaure rana yana bayanta. Yaya ya sauke babin, ya kife wayar a kan ƙirjinsa, ya ce ba zai buɗe ba. Ya ce idan har abokinsa ya ga sabon babi ya fito bai shigo ba, to a daina yi masa wasa da hankali, abin ya wuce yadda ake faɗa.

Wayar marigayin tana gidanmu. Waɗanda suka kwaso su a hanya sun haɗa ta da kayan Yaya, fuskarta ta tsage amma tana aiki. Baba ya ba ni ajiya kafin a sami mai zuwa Ƙonni ya kai wa magada. Ba ta da makulli, mutumin da ke miƙa wa kowa waya a karanta masa ina zai sa mata makulli. Na kwana biyu ina juya abin a raina. Na san kayan gado ne, na san ba ni da hakkin taɓawa. Amma ina ganin yayana yana ramewa a gabana, kuma ni mace ce da idan ta ga abin yi ba ta iya naɗe hannu. Ban shawarci kowa ba, don na san amsar da za a ba ni.

Ran Laraba bayan la'asar na shiga wurinsa na ce an aiko daga Ƙonni, jiki ya yi sauƙi, an ba shi wayarsa, zai gwada shiga yau. Sai dai hannunsa na dama a naɗe yake, kada a dame shi da rubutu. Wallahi yadda fuskar Yaya ta washe, sai da na kau da kai. Ya ce in tayar da shi zaune, in sa masa matashi a baya. Na ce zan je in taya Inna tsintar shinkafa. Na bar masa wayata saboda intanet, na tsallaka tsakar gida, na shige ɗakin Inna na saki labule, na jona wayar marigayin da intanet ɗin tawa.

Makon da na yi ina kallon Yaya yana kashe lokaci da ƙananan yaƙe-yaƙe ya koya min abin da ya sawwaƙa. Aikin mai magani ba wuya: ka bi mai takobi, idan jininsa ya yi ƙasa ka latsa koren tambari. Ina shiga, saƙo ya faɗo: sannu da jiki, ka yafe min. Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Na tura masa hoton hannu biyu na addu'a. Daga can ɗakin na ji ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin hatsarin.

Muka shiga babin. Na yi ta karo da bango, sau biyu na bar shi ya mutu, bai ce komai ba, ai mai ciwo ne ke wasa da hannun hagu. Har na fara jin daɗin kaina, ina cewa ashe abin da suke ta kuri a kai ke nan. Muka isa ƙofar dutsen, ta buɗe. Wata tsohuwa ce a ciki, ta fara bayani mai tsawo, wai ita ta ɗaure rana don ɗanta ya fita da safe ya ce zai dawo kafin faɗuwarta. Labarin ya ja ni, ba zan ɓoye ba. Shekara tara ina koyar da Turanci, idona ya saba gudu a kan layi. Na karanta na latsa, wani ya fito na karanta na latsa. Sau huɗu ko biyar. Sai a na ƙarshen na lura da ɗan rubutun da ke ƙasa, wai ana jiran abokin tafiya. Ni ce na gama, shi ake jira.

Mai takobin ya tsaya cak a gaban tsohuwar, bai ƙara motsi ba. Gidan ya yi shiru, sai ƙarar tabaryar maƙwabta. Can na ji ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

Na tura wayar cikin hijabi na je. Yana zaune yadda na bar shi, tasa wayar a kan cinyarsa mai lafiya. Bai dube ni ba.

“Shekara biyu ni ka jiran shi, kowane babi,” ya ce. “Yau shi yar riga ni.”

Na buɗe baki zan ce wataƙila wani ne yake karanta masa a can. Ƙaryar tana nan a shirye, kuma da ta shiga. Sai ya miƙo hannu, tafin a buɗe. Na ciro wayar na ɗora masa. Ya shafa tsagewar da babban yatsa.

“Yaushe?”

Na ce washegarin faɗuwar, da hantsi. Na ce Baba da ƙaninsa sun je jana'iza. Na ce don lafiyarsa aka yi, kowa haka yake yi, shi ma da shi ne haka zai yi. Na yi ta zuba, don idan na tsorata surutu nake yi. Ya bar ni har na gaji.

“Kwana ashirin da huɗu,” ya ce, “kowace salla ina roƙon Allah shi ba shi lafiya. Ko sau guda ban roƙa mai gafara ba.”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina da wayona. Ya ce in kawo masa ruwa da kwano zai yi alwala, in kuma kira masa Baba.

Baba bai yi min faɗa a kan ƙaryar ba, tasa ce. A kan wayar ya yi min, kuma ya yi da kyau. Da Yaya ya fara taka sanda, shi da kansa ya kai ta Ƙonni, aka ɗauke shi a mota, ya yi wa mahaifiyar abokinsa ta'aziyya. Na bi shi, na gaya mata abin da na yi da wayar ɗanta, na nemi ta yafe. Ta ce ba komai, ta tambaye ni ko ya ci wasan. Na ce ba mu ƙarasa ba.

Yaya ya koma gareji, yana ɗan ɗingishi. Ya yi wata guda yana amsa min gaisuwa kawai, daga baya muka koma faɗanmu. Wasan yana nan a wayarsa bai goge ba. Duk farkon wata sanarwar sabon babi takan faɗo, na sha gani idan ya ba ni wayar in duba masa wani abu. Yakan share ta da yatsa ya ci gaba da aikinsa. Ni kuma na daina ce masa ya girma da wasan waya.