Kafintan da Aka Bari a Baya

Shagona na gyaran takalmi yana jingine da na Kafinta, bango ɗaya ne tsakaninmu. Mutum ne da zai wuni yana goge ƙafar kujera ɗaya, mai kujerar na tsaye yana duba agogo.

'Yarsa ta fari ce ta saka mana manhajar karatun Littafin Allah a waya, ta shigar da mu wani guruf da mai kemis ɗin bakin titi ke shugabanta. Tsarin manhajar shi ne, kowa ya karanta rabon ranar, in yana da abin faɗa sai ya rubuta a gefen ayar. Rubutun yana nan manne da ita, ba mai gani sai wanda ya buɗe wurin.

Guruf na tafiya shafi-shafi, Kafinta na tafiya aya-aya. Yakan zauna kan bencinsa bayan azahar, garin katako a gashin gira, yana danna harafi da ɗan yatsa ɗaya. Rubutun nasa ba na malamai ba ne, yawanci tambaya ce. Kafin ya gama surar farko mai tsawo, jama'a sun kai tsakiyar Littafi. Ba wanda ya waiwaya, don haka a ganinsu bai taɓa cewa uffan ba.

Da aka kusa kammalawa, mai kemis ya sanar cewa zai cire duk wanda ba a jin ɗuriyarsa, saboda akwai masu jiran gurbi. Wannan ya dami Kafinta, don bai da wata makaranta sai ita.

Matarsa ta kawo masa abinci shago, ina ji ta bango.

"Malam, ka tsallaka inda suke mana, ka rubuta ko layi biyu ne su gan ka."

"In rubuta a kan abin da ban karanta ba?"

"To zauna. Kujerar ɗakina ma shekara nawa tana jiran ka."

Aka cire shi. Manhajar ta bar masa Littafin, ta rufe masa gefen da ake rubutu tare.

Da guruf ya koma farko don zagaye na biyu, sai ga tambayoyinsa birjik, kusan kowace aya da tata. Wata malamar makaranta ta fara amsawa, wani direba ya yi mata gardama, magana ta yi tsawo. Mai tambayar kuwa ba ya gani.

Mai kemis ya tako har shago.

"Baba, ashe kana ta magana mu ne ba mu ji ba. Zan mayar da kai, amma ka riƙa tafiya tare da mu."

"Ɗana, ƙafata ba ta kai taku. In na ce zan iya, na yi maka ƙarya."

Mai kemis ya ce doka ɗaya ce ga kowa, ya yi sallama. Bai mayar da shi ba.

Yanzu in rana ta yi sanyi nakan ɗauki wayata in zagaya, in karanta masa amsoshin da ɗan guntun karatuna. Yana saurara yana shafa katako. Wani lokaci ya ce direban ya fi gaskiya, wani lokaci ya ce in sake karantawa.